Likita zai ƙaro karatu: a gida ko a ƙasar waje?

Idan a gidanku akwai ɗa, ko ɗiya, ko ƙane, ko miji da ya gama karatun likita, wata rana zai zo muku da magana cewa yana son ya ƙaro karatu domin ya ƙware a fanni guda. Daga nan sai a tambaya: a nan Nijar zai yi, ko ƙasar waje zai tafi? Shawara ce mai nauyi. Ta shafi shekara huɗu ko biyar na rayuwarsa, ta shafi rumbun gida da garken dabbobi, ta kuma shafi marasa lafiya na Sukukutane da sauran garuruwan ƙasar Arewa, waɗanda ke jiran likita.

An shirya wannan bayani domin ku iyaye da ƴan'uwa, ko da ba ku taɓa shiga jami'a ba. Manufarsa ita ce ku fahimci hanyoyin da ke akwai, ku kuma san tambayoyin da ya kamata a amsa kafin a sayar da sa ko a ci bashi. Duk inda aka ce "shi", ana nufin namiji da mace baki ɗaya.

Mene ne karatun ƙwarewa?

Bayan jarrabawar bakaloreya, ɗalibi yakan yi shekara bakwai zuwa takwas a jami'a kafin ya zama likita. Wanda ya gama wannan mataki shi ne likitan gama-gari. Yana duba kowa, yaro da babba, mace da namiji. Yana gane cuta, ya ba da magani, idan abin ya fi ƙarfinsa ya tura gaba.

Karatun ƙwarewa mataki ne na biyu. Likita yana zaɓen fanni guda, kamar tiyata, ko cututtukan mata da haihuwa, ko na yara, ko na ido, ko na zuciya, ko sa barci lokacin tiyata. A ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, takardar da ake samu a ƙarshe ana kiranta DES. Yawancin fannoni shekara huɗu ne, tiyata kuwa takan kai biyar. Wannan karatu ba na zaman aji ba ne kawai. Mafi yawansa a cikin asibiti ake yin sa, a gefen gadon majiyyaci da cikin ɗakin tiyata, a gaban malamin da ya riga ya ƙware. Saboda haka ingancinsa ya dogara da abu uku: malamai, kayan aiki, da yawan marasa lafiyar da ɗalibi zai sa hannu a kansu.

Me ya sa maganar ta shafe ku?

Kun san yadda hanyar neman lafiya take. Daga ɗakin shan magani na ƙauye a je cibiyar lafiya da ake kira CSI, wurin majo da ungozoma. Idan abin ya gagara, a wuce asibitin gunduma a Dogon Dutsi. Daga nan sai babban asibitin jiha a Dosso, daga Dosso sai Yamai, wadda ke da nisan kimanin kilomita 270 daga Dogon Dutsi. Duk matakin da aka ƙara, kuɗin mota ya ƙaru, lokaci kuma ya tafi. Macen da naƙuda ta yi wa tsawo, ko wadda jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, ba ta da wannan lokaci.

Tun shekarar 2005 gwamnati ta ce tiyatar ciro jariri kyauta ce, a 2006 kuma ta ƙara da kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Amma doka kaɗai ba ta yin tiyata, sai an sami likitan da ya iya, a kusa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a Nijar likita ɗaya yana ɗauke da mutum fiye da 20,000. Ƙwararru sun fi haka ƙaranci, kuma mafi yawansu a Yamai suke. Don haka inda ɗanku zai yi karatu, da inda zai zauna bayan ya gama, magana ce da ta wuce ƙofar gidanku.

Hanya ta farko: karatu a gida

A zamanin mulkin mallaka, wanda zai zama likita daga wannan yanki sai ya tafi Dakar, inda aka buɗe makarantar likitoci a 1918. A 1974 aka buɗe makarantar koyon aikin likita a jami'ar Yamai, wadda tun 1992 take ɗauke da sunan Abdou Moumouni. Daga baya jami'o'in Damagaram da Maraɗi su ma suka buɗe sashen koyar da likitoci. Karatun ƙwarewa kuwa mafi yawansa a Yamai ake yin sa, a fannoni irin su tiyata da cututtukan mata da haihuwa. Ana shiga ne ta hanyar jarrabawa. Ɗalibai suna koyon aiki a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai, da asibitin Lamorde, da asibitin haihuwa na Issaka Gazobi, da babban asibitin ƙwararru da aka buɗe a 2016.

Amfanin karatu a gida:

1. Likita yana koyo a kan cututtukan da zai yi ta haɗuwa da su: zazzaɓin cizon sauro, sanƙarau, tamowa, amosanin jini, doguwar naƙuda, fashewar mahaifa, hujewar hanji bayan zazzaɓin taifot.
2. Yana koyon aiki da kayan da ke akwai. Ya san abin yi idan wuta ta ɗauke, ko idan jinin da za a ƙara wa majiyyaci ya yi ƙaranci.
3. Yana jin harshen majiyyaci, ya san al'adarsa, ya san yadda ake shawo kan maigida ya yarda a yi wa matarsa tiyata.
4. Marasa lafiya suna da yawa, likitoci kaɗan ne, saboda haka hannunsa yakan faɗa da wuri.
5. Kuɗin da za a kashe bai kai na waje ba, iyalinsa kuma suna kusa.
6. Takardarsa ba ta bukatar wata tantancewa kafin ya fara aiki a ƙasa.

Wahalarsa kuma ita ce: ba kowane fanni ake koyarwa ba, guraben shiga kaɗan ne, malamai ba su da yawa, kuma wasu na'urori babu su ko sun lalace. Aiki yakan yi wa ɗalibi yawa har ya rasa lokacin duba littafi. Jerin fannonin da ake ɗauka yana sauyawa, don haka ya je sashen likitanci na jami'a ya tambayi na wannan shekara da kansa.

Gajeriyar hanya: tiyatar gunduma

Akwai wani horo da ya kamata mutanen jihar Dosso su sani. A 2005 ma'aikatar lafiya da sashen likitanci na jami'ar Yamai suka fara koya wa likitocin gama-gari tiyatar gaggawa cikin wata 12, domin su yi aiki a asibitocin gunduma. Jihar Dosso tana cikin wuraren da aka fara ganin amfaninsa. A shekarun farko, mafi yawan aikin gaggawa da waɗannan likitoci suka yi shi ne ciro jariri, mafi yawan aikin da ba na gaggawa ba kuwa na ƙaba da gwaiwa ne. Yawan majiyyatan da ake turawa asibitin jiha ya ragu ƙwarai.

Wannan horo bai kai matsayin DES ba, kuma ba ya mayar da mutum cikakken ƙwararre. Amma ya nuna cewa shekara guda ta koyo a cikin ƙasa tana iya ceton rayuka masu yawa a kusa da gida. Likitan da ya yi shi yana iya neman cikakkiyar ƙwarewa daga baya, ya kuma shiga da hannun da ya riga ya saba da aiki.

Hanya ta biyu: ƙasashen maƙwabta

Likitocin Nijar da yawa sun ƙware a Dakar, Abijan, Kwatano, Lome, Wagadugu da Bamako. A Bamako akwai tsohuwar cibiyar koyar da likitocin ido da ake kira IOTA, wadda ta horar da ƴan ƙasashen Afirka masu yawa. Waɗannan ƙasashe suna koyarwa da Faransanci, cututtukansu sun yi kama da namu, kuma kuɗinsu sefa ne, don haka abin da kuka aika ba ya raguwa wajen canji.

Akwai kuma majalisar da ake kira CAMES, wadda shugabannin ƙasashe suka kafa a taron Yamai a 1968, ofishinta yana Wagadugu. Aikinta ya haɗa da daidaita takardun shaida tsakanin jami'o'in ƙasashen da ke cikinta. Wannan yana sauƙaƙa karɓar takardar idan an dawo gida. Abin lura shi ne, a yawancin waɗannan jami'o'i baƙo yana biyan kuɗin makaranta fiye da ɗan ƙasa, kuma yana aiki a asibiti ba tare da albashi ba. Haya da abinci a Dakar ko Abijan sun fi na Yamai tsada.

Najeriya ta fi kowace kusa da mu. Akwai asibitocin koyarwa a Sakkwato, Kano da Zariya, inda mafi yawan majiyyata Hausa suke ji. Sai dai tsarinsu daban ne. Karatu da jarrabawa da Ingilishi ake yi. Dole ne baƙo ya yi rajista da majalisar likitoci ta Najeriya. Takardar ƙwarewa tana fitowa ne daga kwalejin ƙasa da aka kafa a 1979, ko daga kwalejojin likitoci na Afirka ta Yamma, bayan jarrabawa mataki uku. Horon yakan ci shekara biyar ko shida, kuma guraben da ke da albashi ƴan ƙasa ake fara ba wa.

Hanya ta uku: ƙasashe masu nisa

Wasu suna tafiya Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Faransa, Beljiyam, Sin, Turkiyya ko Rasha. A can akwai na'urori na zamani da fannonin da ba a koyarwa a nan. Wani lokaci tafiyar dole ce. Misali, a 2021 aka fara gashin ciwon daji da na'ura a cibiyar yaƙi da wannan cuta a Yamai. Ma'aikatan da ke sarrafa na'urar a ƙasashen waje aka horar da su, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Da ba su fita ba, da aikin bai yiwu ba. Tafiya mabuɗin ilimi ce, babu musu.

Amma ku san waɗannan abubuwa. A inda ba a aiki da Faransanci, sai an fara ɓata wata da watanni wajen koyon harshe. A wasu asibitoci baƙo yana kallo fiye da yadda yake sa hannu. Cututtukan da zai fi gani su ne na tsofaffi da na masu wadata, yana iya gamawa bai taɓa ganin fashewar mahaifa ba. Idan ya dawo kuma, na'urar da ya saba da ita mai yiwuwa babu ita a Dosso.

Game da Faransa, akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. Takardun da aka tanada domin likitocin waje, waɗanda ake kira DFMS da DFMSA, na ƙarin horo ne na ɗan lokaci, daga wata shida zuwa shekara uku. An yi su ne domin wanda ya fara ƙwarewa, ko ya gama ta, a wata ƙasa. Ba su ba mutum izinin zama likita a Faransa. Wanda ke son wannan izini sai ya ci wata jarrabawa ta gasa mai wuya.

Siyasa ma tana shiga cikin lamarin. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023, Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, a farkon 2024 kuma ta rufe ofishin jakadancinta. A Janairun 2025 Nijar, Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar CEDEAO. Irin waɗannan sauye-sauye suna iya taɓa biza, da takardar zama, da tallafin karatu. Kada a dogara da labarin wanda ya tafi shekara goma da suka wuce. A nemi bayani sabo daga ma'aikatar da abin ya shafa.

Maganar dawowa

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Likitan da ya shekara biyar a waje yakan yi aure, yaransa su shiga makaranta, a yi masa tayin albashin da ya ninka na gida. Dawowa sai ta yi nauyi. Wannan matsala ta kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin ɗaukar ma'aikatan lafiya daga ƙasa zuwa ƙasa a 2010. A 2023 ta fitar da jerin ƙasashe 55 da ƙarancin ma'aikata ya yi wa tsanani, ta nemi ƙasashe masu arziki su daina zuwa zawarcin likitocinsu. Nijar tana cikin jerin.

Wannan bai hana kowa tafiya don kansa ba, kuma wanda ya zauna a waje yana iya taimakon gida da kuɗi. Amma kuɗin da aka aiko ba su tsayawa a ɗakin tiyata da tsakar dare. Ya kyautu a yi wannan magana a fili tun kafin tafiya. Ku ma ku binciki kanku. Iyalai da yawa su ne ke hana ɗansu dawowa, domin sun saba da abin da yake aikowa.

Tambayoyi bakwai kafin a yanke shawara

1. Wane fanni yake so, kuma a wane asibiti zai yi aiki da shi idan ya gama? Wannan ita ce tambaya ta farko. Sunan ƙasa yana zuwa ne bayanta.
2. Ana koyar da fannin a Yamai? Idan ana yi, wane ƙarin abu ne waje za ta ba shi?
3. Takardar da zai samu, hukumomin Nijar za su karɓe ta a matsayin ta ƙwararre? A tambayi ma'aikatar ilimi mai zurfi da majalisar da ke rajistar likitoci, a kuma samu amsar a rubuce.
4. Wa zai biya? A lissafa kuɗin makaranta, haya, abinci, mota ko jirgi, takardar zama, littattafai da magani, na dukan shekarun, ba na shekarar farko kawai ba. A tambayi hukumar ANAB, mai kula da tallafin karatu, ko akwai gurbi.
5. Idan ma'aikacin gwamnati ne, ya samu izinin tafiya karatu a rubuce? Wanda ya tafi ba da izini ba yana iya rasa albashi da gurbin aikinsa. Idan akwai takardar alkawarin dawowa, a karanta ta da kyau kafin a sa hannu.
6. A can za a bar shi ya duba majiyyaci ya kuma yi tiyata da hannunsa? Ya tambayi waɗanda suka riga shi zuwa wannan asibiti.
7. Yaya matarsa, ko mijinta, da yara, da tsofaffin gida za su kasance a tsawon waɗannan shekaru? Ga mace likita wannan tambaya takan fi nauyi, kuma goyon bayan miji da surukai shi ne ke sa ta kammala.

Ku yi hattara da dillalan da ke cewa a ba su kuɗi su samo gurbi ko biza. Gurbin gaskiya yana zuwa da wasiƙa daga jami'a, kuma kuɗin makaranta a asusun jami'a ake zuba su, da rasit.

Misalai biyu

A ce wata ɗiya daga Sukukutane ta gama karatun likita, ta yi aiki shekara uku a asibitin gunduma, tana son ta ƙware a fannin mata da haihuwa. Ana koyar da wannan fanni a Yamai. Matan da za ta koya a kansu irin waɗanda za ta duba ne a Dogon Dutsi ko Tibiri. Yaranta ba za su yi nisa da ita ba. Ga irin wannan, gida ya fi. Idan ta gama, tana iya fita na wata shida ko shekara guda ta koyo wani aiki na musamman, kamar tiyata da na'urar leƙa ciki, ta dawo.

A ce kuma wani ɗa yana son wani fanni da babu mai koyar da shi a ƙasa. Shi dole ya fita. Abin da ya kamata ya yi shi ne ya fara duba ƙasashen maƙwabta, sannan masu nisa. Ya nemi tallafin gwamnati ko na wata hukuma, ya tabbatar da karɓuwar takardar, ya kuma san asibitin da ke da na'urar da zai yi aiki da ita idan ya dawo. Irin wannan ƙwararre a Yamai, Maraɗi ko Damagaram zai zauna, amma majiyyacin Arewa da a da sai an kai shi ƙasar waje zai same shi a cikin ƙasa.

Abin da za ku riƙe

Kada ku auna darajar karatu da nisan ƙasar da aka yi shi. Ku auna ta da aikin da likita zai iya yi da hannunsa, a asibitin da zai zauna. Idan ana koyar da fannin a gida, ya fara a gida, ya ƙaro a waje na ɗan lokaci. Idan babu shi a gida, ya fita da shiri, da takardu cikakku, da niyyar dawowa. Ba a fafe gora ranar tafiya: a fara tambaya da tara takardu shekara guda kafin lokaci.

Shawara ta ƙarshe tasa ce, domin shi zai yi karatun. Naku shi ne ku zauna da shi, ku bi tambayoyin nan bakwai ɗaya bayan ɗaya. Idan akwai wadda ba a amsa ba, a dakata da sayar da dabba ko jinginar da gona har sai an samu amsarta. Kuna iya kuma neman babban likitan gunduma a Dogon Dutsi, ko wani ƙwararren da ya riga ya bi wannan hanya, ku ji ta bakinsa.